Na'urarku Tana Nan Lafiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Kwana-Lafiya, masu ƙera na'urar kare kayan wuta daga tsawa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, na rubuto ne in yi maka albishir: na'urarku tana nan lafiya. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. 'Yar koriyar fitilarta tana ci har yanzu, a ƙarƙashin teburin da talabijin ɗinmu take zama a da.

Ni tela ne. Da damina ta gabato na shiga shagon wakilinku, ya nuna min kwali mai hoton garkuwa tana tare walƙiya, na saya. Na zo gida na jona mata talabijin da dikoda, har da sifikokin da ƙanina ya ba ni ajiya kafin ya yi tafiya. Sannan na tara iyali na sanar da su cewa zamanin rige-rigen cire soket da an hango hadari ya wuce. Maiɗakina ta dube ni, ta ci gaba da ninke wanki.

Ran Asabar da la'asar muna kallon ƙwallo hadari ya haɗo. Maiɗakina ta miƙe za ta cire wayoyi, na ce ta zauna, ci gaba ya iso gidan nan. Ban rufe baki ba falon ya yi fari fat, aka saki ƙarar da ta sa na tsinci kaina a bayan kujera. Sai ƙaurin roba. Ga 'yan koke-kokena, in ka ba ni dama.

Na ɗaya, mai gyara ya ce tsawar ba ta biyo ta soket ba, ta wayar eriya ta sauko daga saman rufi. Wato mai gadinku yana tsaye ƙyam a bakin ƙofa, baƙuwa ta shigo ta taga. Ranka ya daɗe, da wakilinku ya tsaya yana zuba min bayani har na gaji da tsayuwa, me ya hana shi ambaton taga?

Na biyu, fitilar nan. Me take nufi? Na zaci cewa take kayana suna cikin aminci. Ashe lafiyar kanta take sanar da mu?

Na uku, sifikokin ƙanina. Duk sanda ya bugo waya sai ya tambaye su, ni kuma in ce suna nan inda ya bar su. Ban yi ƙarya ba, amma yana dawowa ƙarshen damina, kuma mutum ne mai son ya ji abu da kunnensa. Za ku turo wanda zai tsaya kusa da ni ranar?

Na huɗu, girmana a gida. Yanzu ko murfin tukunya ne ya faɗi, yara sai su ruga su cire duk wata waya, su dawo suna kallona. Maiɗakina kuwa har yau ba ta ce uffan ba. Da ta yi faɗa, da na samu sauƙi.

Na biyar, kuma shi ne mai nauyin, mahaifiyata. Inna tana zaune tare da mu, kuma duk yamma wasan kwaikwayo take kallo tana yi wa 'yan wasan gyara. Tunda talabijin ta tafi, sai ta juyo da kujerarta ta fuskance ni. Ta gano tumbina ya fito, ina sauri wajen cin abinci, kuma wai tun ina yaro ba na jin maganar mata. Jiya har maƙwabciya ta gayyato suka zauna tare.

Ba na neman ku biya ni komai, na san tsawa ba ma'aikaciyarku ba ce. Roƙona dai ku taimaka a tashi talabijin ɗin nan da wuri, don Inna ta ce gobe za ta shiga labarin yadda na nemi aure, kuma yara sun riga sun shimfiɗa tabarma.

Naka mai biyayya, a rani da damina,

Telan bakin layi