Ranar da Kunkuru Ya Raka Lefe Wudil

Uwani ƙawata, gyara zama ki sha labari, amma ki riƙe cikinki.

Wata mata ce a Hotoro, ana ce mata Hajiya Kubura. Mace ce mai sallah a kan lokaci, ba ta gulma, ba ta shiga sabgar kowa. Aibinta biyu ne kacal. Na farko, ba ta iya ganin makunnin wuta a kunne ta wuce. Fanka na juyawa ba kowa a ɗaki? Ƙat! Ƙwan tsakar gida da rana? Ƙat! Ko a gidan mutane take sai hannunta ya yi ƙaiƙayi. "Almubazzaranci ne," in ji ta, "kuma za a tambaye mu."

Aibi na biyu sabo ne. Tun ranar da maigidanta Alhaji ya sayo motar nan mai aiki da lantarki, bakin Hajiya bai sake rufuwa ba. A Islamiyya zancen mota, a gidan suna zancen mota, har gidan gaisuwa sai da ta san yadda ta yi ta sako shi.

"Tamu ba ta shan mai. Jona ta ake yi a bango kamar waya."

In ta wuce gidan mai ta ga layi, sai ta rage gudu, ta sauke gilashi, ta ce, "Sannunku da haƙuri!"

Motar kuwa akwai iyayi. Mariƙin ƙofarta a shafe yake da jikinta. In Hajiya za ta rage wa mata hanya, sai ta bar su su yi ta shafa ƙofa kamar masu neman allura, sannan ta danna makulli, mariƙin ya leƙo sulum. Ta buɗe musu gaban motar, inda kowa ya san inji yake, su tarar da albasa da tattasai. Babban abin taƙamarta kuma shirun motar. "Ba ta ƙara, ba ta tari. Jiya har na isa bayan mai ruwa bai sani ba, da ya waiwayo sai da ya yi salati."

Ana nan aka sa ranar kai lefen ɗan ƙanen Alhaji. Wudil za a kai, ranar Asabar, an ce wa dangin amarya su sa ido bayan la'asar. Jagorar tafiya ita ce Yaya Indo, yayar Alhaji, matar da harshenta ya fi reza kaifi. Ta ɗauko shatar tsohuwar bas ɗin Malam Ɗanlami, wadda in ta tashi sai unguwa ta yi duhu.

Hajiya ta taɓe baki. "Haba Yaya! Atamfofin mutane su isa suna warin hayaƙi? A sa manyan akwatunan a tawa, ke da Ladidi ku shigo. Kafin waccan ta gama tari mun sha ruwa a Wudil."

Ladidi maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya.

Yaya ta dube ta sama da ƙasa. "To. Amma kin san ba a buɗe lefe rabi. In muka makara, kunyar a fuskarki take."

"Makara? Allah Ya kiyaye."

Ranar Juma'a Alhaji zai tafi Kaduna a motar abokinsa. Da ya sauko daga masallaci ya jona motar a gareji, ya leƙo ya ce, "Ta kusa ƙarewa. Na jona ta, kafin gobe ta cika."

"Allah Ya tsare hanya," in ji Hajiya.

Bayan la'asar ta fara zagayenta na kullum, carbi a hannu. Falo, ƙat. Kicin, ƙat. Ta leƙa gareji, sai ga jan idon makunni yana kallonta. Ta tsaya. Ta kara kunne a jikin motar. Shiru. Ta taɓa ta. Sanyi ƙalau. Ita a saninta duk abin da ke jan wuta yana nuna alama. Firiza na gurnani, injin ruwa na ihu, waya ma ɗumi take yi. Wannan kuwa ko motsi.

"Baiwar Allah ta ƙoshi," ta ce. "Bismillahi." Ƙat!

Asabar ta yi. Aka cika bayan mota da akwatuna uku, ƙaramin na sarƙa da turare aka sa shi a gaba, gurbin albasa. Hajiya ta sha leshi, ta zare wayar caji da yatsa biyu, ta shige. Motar ba ta da allurar mai irin ta sauran motoci. Wani faffaɗan allo ne kamar talabijin, cike da zane-zane, kuma Hajiya ba ta taɓa damuwa da shi ba tunda Alhaji ke jonawa. A kusurwa akwai wata 'yar lamba: sha shida.

Ta ƙure sanyi. Suka ɗauki hanya. Kafin Mariri sun wuce bas ɗin Malam Ɗanlami fuu! Hajiya har da ɗaga wa matan ciki hannu.

Yaya Indo na gaba, idonta a kan allo. "Kubura, wannan lambar fa? Ɗazu sha shida, yanzu sha ɗaya."

"Ta sanyi ce, Yaya. In tana sauka, sanyin ƙaruwa yake. Ba ki ji ba?"

"Na ji," in ji Ladidi daga baya, ta ja mayafi.

Can lamba ta koma bakwai, ta yi ja.

"Ta yi ja fa."

"Ado ne."

Biyar. Huɗu. Sai mota ta yi ƙit-ƙit sau biyu, wani ɗan hoto ya fito ɗas a tsakiyar allo.

Yaya ta gyara tabarau. "Ikon Allah. Kunkuru nake gani ko idona ne?"

Hajiya ta leƙa. Kunkuru ne sosai, rawaya, har da 'yan ƙafafunsa. Amma baki ya riga ya saba.

"Tambarin kamfani ne. Alamar tsawon rai."

Ta taka. Mota ta ƙi. Ta ƙara takawa har takalminta ya lanƙwashe. Mota sai rarrafe take, a hankali, cikin natsuwa, kamar mai raka amarya. A-daidaita-sahu ya wuce su. Mai babur ɗauke da buhu uku ya wuce su. Wani tsoho a kan keke, rake ɗaure a bayansa, ya zo daidai gilashi ya jera da su, ya yi musu sallama, ya wuce.

"Kubura," in ji Yaya, "ni da na sauka na taka da ƙafa in sanar da su muna tafe."

Sanyi ya ɗauke. Mota ta gangara gefen titi ta tsaya cak, kusa da wata gonar dawa. Wudil na can gaba, ko gadar ba a hango ba. Daga wani ƙauye aka jiyo kiran sallar la'asar.

Gumi ya karyo wa Hajiya. "Masu wutar nan ne! Ɗaukewa suka yi jiya, ba ta cika ba."

"A'a, Hajiya," in ji Ladidi. "Layinmu ɗaya. Jiya wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Har ƙanƙara na yi."

Kafin Hajiya ta nemo wata amsa, waya ta yi ƙara. Kin san wani iyayin motar, in an kira ki ba a kunne ake ji ba, muryar mutum ta ko'ina take fitowa, gaba da baya. Da wannan ma ta sha yin taƙama. Ta danna, sai ga muryar Alhaji ta cika mota kamar wa'azin Juma'a.

"Hajiya, kun isa?"

"Muna... muna kusa."

"Yanzu na shigo gida. Na leƙa gareji na ga makunnin caji a kashe. Yau da safe kika kashe, ko?"

Hajiya ta yi tari. Mai carbi a hannu ba ta iya zabga ƙarya ƙiri-ƙiri.

"Hajiya? Yaushe?"

"Jiya. Bayan la'asar."

"Innalillahi! Awa biyu ke nan ta samu! Shekara ashirin da shida kina bin bango kina kashe mini abubuwa, ina wanka kin kashe mini ƙwai, ina jin labarai kin kashe mini rediyo, yau kuma..."

Hajiya ta kai hannu allo za ta katse. Ta danna nan, abin goge gilashi ya hau aiki, shaf-shaf. Ta danna can, mariƙan ƙofa suka leƙo waje. Alhaji na ta bayani. Da kyar Ladidi ta miƙo hannu ta kashe.

Yaya ta juyo ta dubi Hajiya.

"To me ya kai ki?" in ji Yaya, a hankali.

"Na kara kunne ne, Yaya, ban ji tana yin komai ba."

"Ba ke ce kika cika mana kunne wata uku cewa ba ta ƙara ba?"

Hajiya ta sunkuyar da kai tana kallon leshinta.

Sai ga gurnani daga nesa, gar-gar-gar, baƙin hayaƙi na tashi. Malam Ɗanlami ne. Ya tsaya, mata suka firfito da kai ta kowace taga.

"Hajiya, lafiya? Ko mai ne ya ƙare?"

Bas ta cika maƙil, ba wurin akwati ko ɗaya. Malam Ɗanlami ya zaro wata igiya mai kauri, ta ɗaure shanu, ya ɗaura. Haka aka shiga Wudil. Bas a gaba tana tari, motar Hajiya a baya tana shan hayaƙi, gilashi a sauke don zafi. Atamfofin da aka ce kada su yi wari, da su da leshin Hajiya da tabarau ɗin Yaya duk suka sha.

Sun isa ana shirin magariba. Dangin amarya sun cika ƙofar gida, abinci ya huce. Kakar amarya, wata 'yar tsohuwa mai sanda, ta ga sabuwar mota an jawo ta da igiya kamar ragon suna, sai ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Har da mota a lefen!"

Ta zagaya ta, ta shafa ƙofa ba ta sami mariƙi ba. Aka buɗe gaba za a ɗauko ƙaramin akwati, ta leƙa, ta ga wayam. Ta ja da baya, ta kama hannun Hajiya, ta rage murya yadda kowa zai ji.

"'Yar nan, akwatunan mun karɓa, Allah Ya sa alheri. Wannan kuwa ku mayar wa wanda ya sayar muku. An cuce ku, an sace injin."

Har yau in matar nan ta shiga Islamiyya sai wata ta ce, "Hajiya, ya kunkuru?" Makunnin garejin kuwa an manne shi da salatif, an liƙa takarda a sama da manyan baƙaƙe: KADA A KASHE. Da hannuna na rubu... da hannunta, nake nufi.

To, kin dai gane. Daina dariyar haka, Uwani. Don girman Allah ya tsaya tsakaninmu, ko Ladidi kika gani a hanya ki yi kamar ba ki ji ba.