Yadda Na Koya wa Aji Guda Rubutu a Juye

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba ba, a zangon da na fara koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare ta Ƙofar Marke. Ban da ni da yara, a ajin akwai shugabar makaranta, Hajiya Luba, da Malam Bello, mahaifin ɗalibata Saratu, mai makarantar allon da yawancin yaran ke zuwa da asuba.

Ni na sa aka kira shi. Allon bangon ajinmu ya koɗe, alli ba ya kamawa, don haka na dogara da dabarar da aka koya mana a kwaleji: in tsaya gaban yara in zana harafi a iska da yatsa, su kwaikwaya, sannan su rubuta. Sai dai kusan duk ajin a juye suke rubutu, kowane harafi ya juya baya. Na yi nazari (haka na kira shi a lokacin), na yanke cewa laifin makarantar allo ne, tunda can daga dama ake farawa. Shawarata ita ce a dakatar da yaran daga zuwa allo har ƙarshen zango, in ba haka ba Saratu da sauran su maimaita aji.

Malam ya saurare ni har na gama. Sannan ya nemi ganin darasin, ya tattare rigarsa ya zauna kan tabarma. Na zana "c" a iska, da kyau kuwa. Yara suka ɗaga yatsu, shi ma ya ɗaga nasa.

"Malama, zo ki zamna cikin yaran ga," in ji shi. "Hajiya, yi muna irin wanda ta yi."

Na zauna. Hajiya ta fuskance mu ta zana. Daga inda nake, harafin a juye ya fito, domin damarta hagunmu ce. Ashe yaran abin da nake nuna musu suke rubutawa daidai (ban taɓa samun ɗalibai masu biyayya kamarsu ba).

Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da na fi samun sauƙi. Malam ya karkaɗe rigarsa, ya tambaya a hankali ko har yanzu a hana yaran zuwa allon. Na ce a'a, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

Tun ranar, kafin in nemi mai laifi a waje, sai na fara zama kan tabarma na ga abin da yara ke gani. Yanzu baya nake juya musu in zan zana harafi, suna ta tsunkulin juna a bayana. Saratu ta wuce zuwa aji biyu a ƙarshen shekarar.