Jamus a Bangon Alhaji Ashiru

Duk faɗin Bauchi, daga Ƙofar Wambai har Inkil, babu mai ido irin na Alhaji Ashiru. Mu sauran hanya muke gani da namu, sai kuma tuwo. Shi fasaha yake gani. Kwana biyar kacal ya yi a Jamus wajen wani taron ƙara wa juna sani, biyu daga ciki yana kwance da mura, amma ya dawo mana da ilimin gine-gine da wani zai shekara bakwai a jami'a bai samu ba. Abokan hirarsa suka laƙaba masa Na-Jamus. Shi kuma, Allah sarki, ya ɗauka yabo ne, har hannu yake ɗagawa in an kira.

Mataimakin darakta ne a wata hukuma, saura wata takwas ya yi ritaya. Abin da ke cin ransa kenan. Yana tsoron ranar da zai koma bencin ƙofar gida, a riƙa ce masa tsohon ma'aikaci. Sai ga labari za a kafa kwamitin ƙawata birni, kuma Hajiya Yagana, malamar zanen gine-gine, ita za ta miƙa sunan shugaba. Alhaji ya ce wannan kujera tasa ce, in Allah ya yarda, in ma da hali tun kafin a buga ta.

Ta waya ya yi odar hotuna huɗu daga wani shago a Abuja. Baƙi da fari, cikin firam, da gilashi a gaba. Babu komai a ciki sai kankare, tagogi da inuwa. Ranar da suka iso ya sauke kalanda, ya sauke agogo, ya sauke hoton aurensu. Matarsa, Hajiya Ni'ima, ta daɗe tana kallon bangon.

"Alhaji, wannan kangon waye?"

"Ba kango ba ne, Hajiya. Layi ne. Haske ne yake hira da inuwa. Kuma ki lura, babu mai rai a ciki, mala'iku su shiga su fita yadda suke so."

Shekara talatin hotonsa da babbar riga yana rataye a wurin, bai taɓa tuna mala'iku ba sai ranar.

Daga nan falon ya zama makaranta. Kowa ya shigo sai an koya masa kallo: taku uku baya, hannu a goye, kai a karkace. Wani maƙwabci da ya kawo goron suna ya yi minti ashirin a tsaye, ya fita wuyansa na ciwo, ya manta bai faɗi ranar sunan ba.

Wata Asabar bayan azahar Hajiya Yagana ta amsa gayyata. Alhaji ya aro Roda, mai sharar ofishinsu, don ta kai abinci, wai a gidan wayayyu uwargida ba ta ɗaukar tire. Ya tsayar da baƙuwar gaban hoton da ya fi girma, wata matakalar kankare mai murɗewa, gefenta bango mai huda-huda.

"A ƙarƙashin wannan matakalar na tsaya da ƙafafuna a Jamus, Hajiya. Wallahi sai da hawaye suka zo mini. Na ce ya Rabbi, yaushe mutanenmu za su kai nan? Mu bulo kawai muka sani, da fenti ruwan hoda. Ni ofishinmu ma sau uku ina rubuta takarda a rushe shi, kunya yake ba ni."

Roda ta shigo da masa da miyar taushe. Ta ajiye, ta ɗago, ta tsaya. Ita ba a koya mata kallo ba, don haka sai ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Oga, ashe hoton wurinmu ne."

"Wane wurinku?"

"Bayan ofis mana. Ga ƙusar da nake rataya tsumma. Wannan inuwar kuma nan muke cin abinci ni da abokiyar aikina Eunice."

Alhaji ya yi dariyar manya. "Ki yi mata uzuri, Hajiya, ko Jos ba ta taɓa wucewa ba."

Hajiya Yagana ba ta yi dariya ba. Ta sa tabarau, ta sunkuya kan wani ɗan rubutun fensir a ƙasan hoton, irin wanda ba a iya karantawa daga taku uku.

"Treasure ce ta ɗauka, ɗalibata ce. Ga sunanta, ga Bauchi a rubuce. Ta ce sau biyu tana neman izini, wani mataimakin darakta ya mayar mata da takardar, ya ce babu abin ɗauka a wurin. Wata mai shara ce ta buɗe mata ƙofar baya."

Roda ta sunkuyar da kai. Alhaji kuwa ya shiga gyaran hula, ya gyara, ya sake gyarawa. Hajiya Yagana ta ci masarta guda uku, ta yaba miyar, ta yi wa Hajiya Ni'ima godiya, ta tafi.

Da sunayen kwamiti suka fito, ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya kuma karanta daga ƙasa zuwa sama. Ko a 'yan rakiya babu shi.

Ni dai na tausaya masa ranar Litinin. Shekara goma sha tara direba na sauke shi a ƙofar gaban ofis, yana ɗaukarsa a ƙofar gaba, sai ranar ya ce zai zagaya. Hanyar ma bai sani ba, Roda ce ta yi masa jagora. Minti biyu suka isa Jamus, ba biza, ba jirgi. Ya tsaya a ƙarƙashin matakalar da ƙafafunsa, ya goya hannu, ya karkata kai.

Roda ta ce, "Oga, ɗan matsa kaɗan. Tsummana yana ɗiga a hularka."