Yadda Ake Taku Dubu Goma a Bakin Tafki Ba Tare da An Fito Daga Mota Ba

Likita ya saurari zuciyarka ya girgiza kai, ya ce kullum sai ka yi taku dubu goma? Kwantar da hankalinka. Shekarata ashirin da biyu ina sayar da shayi a filin ajiye motoci na bakin tafkin Strangford, babu irin ragon da bai tsaya a tagar motata ba. Bi matakan nan bakwai, na yi maka alkawari cikin wata huɗu za a riƙa ba da misali da kai a asibiti, alhali tafin ƙafarka bai san sanyin yashi ba. Ba da ka nake faɗa ba, ina da shaida: Malachy Denvir, tsohon direban bas mai shekara sittin da takwas, wanda aka zura wa ɗan bututu a jijiyar zuciya bara cikin Afrilu. Shi ne gwanin fannin, ni kallo kawai na yi na haddace.

Mataki na 1: Yi fuskar mai tuba

Kada ka yi gardama da likita. Sunkuyar da kai, duk abin da aka ce ka ce to. Likitar Malachy ba ta ɓoye masa komai ba.

"Mista Denvir, wannan karon ciwon ya yi sallama kafin ya shigo. In ya dawo ba zai yi ba. Ko ka taka ƙasa, ko ƙasa ta rufe ka."

Matarsa Nuala na gefe tana share hawaye. Ya kama hannunta ya ce, "Daga gobe, Nuala. Ko ana ruwan ƙanƙara." Ranar ta sayo masa agogon nan mai ƙirga taku, wanda ke aika wa asibiti lissafi har da zanen hanyar da mutum ya bi. Ka koyi wannan kamun hannun, ya fi rantsuwa goma aiki.

Mataki na 2: Sayi kayan da suka fi ƙarfin tafiyar

Hanyoyinmu dai ka san su, a shimfiɗe suke kamar faranti. Ga ta bakin ruwa, ga ta cikin gandun itatuwa, ga wadda ke tsallakawa Tsibirin Zomaye idan ruwa ya janye, don tafkin namu haɗe yake da teku, kullum yana cika yana janyewa. A jikin allo ma an rubuta "mai sauƙi", masu jego da keken jarirai suke zagayewa suna hira a waya. Wannan bai shafe ka ba. Nemi takalmin hawan dutse, sanduna biyu, jar rigar ruwa, jakar goyo, da madubin hangen tsuntsaye ka rataya a wuya. Duk wanda ya gan ka da wannan lodi ba zai yi ƙarfin halin tambayarka nisan da ka yi ba, kunya ma za ka ba shi.

Mataki na 3: Kada ka kuskura matarka ta biyo ka

Nan ne yawancin ɗalibaina ke faɗuwa. Shekara arba'in Malachy na jan bas safe da yamma, shekara arba'in Nuala na cewa in ya yi ritaya za su riƙa zaga bakin ruwa tare. Da safiyar farko sai ga ta da gyale a wuya da sandarta a hannu, don ƙugunta ya daɗe yana ba ta wahala.

"Jira ni mana, tsoho, in ɗauko jakata."

"Haba Nuala, da wannan ƙugun? Likita cewa ta yi da sauri, har sai na yi gumi. In na tsaya jiranki ai ba magani na sha ba."

Ta kwance gyalen ta rataye. "Gaskiyarka," in ji ta. "Je ka, kada in ja ka baya."

Ka lura da dabarar: bai ce ba ya so ba, ya sa ta ji ita ce matsalar. Mugunta ce, na sani, amma ai ba wa'azi ka zo ji ba.

Mataki na 4: Nemi kare mai zafin jini

Ajiye mota ta fuskanci ruwa, kamar yadda rabin mazan lardin nan ke yi. Kwance agogon, ka ɗaura a wuyan kare, ka buɗe ƙofa. Karen Malachy, Brandy, ba ya ganin tsuntsu ya ƙyale, cikin awa guda yakan haɗa taku dubu goma sha biyu har da ƙari. Kai kuma ka tako taku goma sha ɗaya zuwa tagata, na ƙirga, ka karɓi shayi da burodin soda da soyayyen ƙwai biyu.

"A ƙara man shanu, Breda," haka yake ce min kullum. "Mai motsa jiki dole ya ci."

"Wane jikin ke motsi, naka ko na Brandy?"

"Ke dai zuba. An ce miki ke nas ce?"

Ni kuwa in zuba. Zai koma mota ya kunna rediyo, ya ci ya yi gyangyaɗi har gilashi ya yi hazo, tafkin da ake zuwa gani daga ƙasashe yana gabansa bai ko kalle shi ba.

Mataki na 5: Koma gida da laka da labari

Kafin ka tafi, tsoma takalman a kududdufin bakin filin, ka yayyafa ruwa a goshi. Sannan ka tanadi labari, amma ka san lokacin kowane tsuntsu. Malachy ya kusa tona wa kansa asiri cikin Yuni, a gaban maƙwabcinsa Wesley Gilmore, wani siririn dattijo da ya yi shekara talatin yana zaga tafkin nan da ƙafarsa ta gaske.

"Yau na ga dinyoyin nan baƙaƙe sun cika gaɓa," in ji Malachy. "Sun fi ɗari biyar."

Wesley ya dube shi ta saman tabarau. "A Yuni? To ka yi sa'a, mutumina. Mu sai kaka ta shigo suke zo mana. Wataƙila kai suka zo gaisarwa."

Idan haka ta same ka, yi tari, ka ce maganin hawan jini ke sa ka ganin abu bibbiyu. Ba mai ja da marar lafiya.

Mataki na 6: In zanen hanya ya ci amanarka, ka bi shi

Kare bai san jadawalin cikar ruwa ba. Wata Laraba cikin Yuli Brandy ya bi agwagwa ya yi iyo har tsibirin, ruwa kuwa ya rufe hanyar fiye da tsayin mutum. Da Malachy ya je ajin motsa jiki na masu ciwon zuciya a asibiti, nas ta juyo masa da allon kwamfuta.

"Mista Denvir, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata kana tsakiyar ruwa. Iyo ka koma?"

Ƙaramin maƙaryaci zai ce agogon ne ya lalace. Malachy ya gyara zama ya ce, "Ɗan kaɗan, in rana ta fito. Kada dai ki gaya wa matata." Nas ta kira 'yan ajin suka tafa masa, tsofaffi bakwai masu haki a kan keken motsa jiki. Cikin Agusta aka sallame shi daga ajin, aka ce ya fi ƙarfinsu. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Mataki na 7: Girbi abin da ka shuka

Ranar Lahadin farko ta Satumba aurensu ya cika shekara arba'in da uku. Malachy ya sauko karin kumallo ya tarar da Nuala a shirye, fuskarta sai annuri. Ashe duk safiyar da ya fita, ita ma tana kai da kawowa daga ƙofar kicin zuwa igiyar shanya, tana ƙara zagaye ɗaya kowane mako, ba ta gaya wa kowa ba.

"Yanzu ina yin minti arba'in ban zauna ba," ta ce. "Na duba jadawali, ruwa zai janye ƙarfe goma. Kai ni tsibirin nan naka in gani. Ba zan ja ka baya da yawa ba."

Wace ƙarya ta rage masa? Babu. Ina kallonsu ta taga suka kama hanyar, ita a gaba da sandarta, shi a baya da sanduna biyu. Hanyar ba ta kai taku dubu ba. Zuwa sun je, da ƙyar, yana ta tsayawa wai yana nuna mata tsuntsaye. Sun daɗe a can, don ya ƙi tashi daga kan dutsen da ya zauna. A dawowa, daidai tsakiya, ya durƙusa ya dafe ƙirji, fuskarsa ta yi fari fat, ruwa kuma ya fara lasar gefen duwatsu.

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Na buga wa motar asibiti waya. Wesley da ke dawowa daga zagayensa ya jefar da jakarsa, ya ari keken guragun wata tsohuwa da ke shan shayi, ya ruga. A ciki aka turo gwarzon iyo, ruwa na dukan idon sawun Wesley, Nuala na biye tana ɗingishi da sanduna uku a hammata.

Muka lulluɓe shi da bargo a jikin motata. Da numfashinsa ya ɗan dawo ya kamo hannunta, irin kamun nan na asibiti, ya gaya mata komai a gutsure. Ba ta yi ihu ba, ba ta ƙwace hannun ba. Ta daɗe tana kallon ruwan da ya gama rufe hanyar.

"Malachy," ta ce a hankali, "tun Yuli na daina kunna maka kyandir na roƙon lafiya a coci. Na ɗauka ka warke. Na mayar da shi kan mijin ƙawata Assumpta mai ciwon ƙoda."

Ni kuwa da ba a raba ni da baki na shige ciki na kama goge kofin da na riga na goge.

Ya rayu, an ƙara masa bututu na biyu. Nuala na zuwa kullum yanzu, ita kaɗai, ta zaga gandun ta tsaya ta sha shayi ba sukari. Shi likita ta ce kada ya wuce ƙofar gida tukuna.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likita ba ce, ba limamiyar coci ba ce, ba kuma ta taɓa kama hannun kowa ta zaunar da shi a mota ba. Alkawari na yi za a yaba maka, kuma za a yaba. Abin da ya biyo baya tsakaninka ne da ƙirjinka, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Kada iyalanka su zo tagata da ƙorafi, kada a sa sunana a jawabin jana'iza. In kuma ka rantse sai ka gwada, to ka leƙa coci tukuna ka ga ko kyandir ɗinka yana ci.