Ranar da Na Zama Kawun Katanga

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban dattawan garuruwa biyu, na dafa ƙirji na ce wani ƙato ɗan yayata ne, alhali ko sunansa na yanka ban sani ba. Amma kafin ku fara dariya bari in gaya muku, shawarar da na kawo daidai ce. Har gobe ina nan a kan bakana.

Ina koyarwa ne a wata firamare a garinmu Batsari, kuma ni ne kocin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu (ba don na fi kowa iyawa ba, ni kaɗai ne mai usur). Wata shekara Allah ya taimake mu muka kai wasan ƙarshe a gasar da ake yi bayan kaka, za mu kara da 'yan Safana. Wani ɗan kasuwa ya sa ƙaton bijimi, wanda ya ci ya ja abinsa. Matsalarmu ɗaya ce, gola. Namu, Lawal Tela, mutumin kirki ne, sai dai in ƙwallo ta taho da ƙarfi runtse ido yake ya bar wa Allah.

A Katsina kuwa akwai wani gola da ake kira Katanga. Sau ɗaya na ga wasansa, na dawo ina ba da labari har aka gaji da ni. Na nemo lambarsa na kira shi. Da ya faɗi kuɗinsa sai da na ce ya maimaita, na ɗauka layin ne ba kyau.

Duk arzikin ƙungiyarmu wata 'yar gona ce a hanyar Karare. Damina guda yaran nan suna duƙe a cikinta, muka samu gyaɗa mai kyau, aka ajiye za a sayar a saya musu takalma, don rabinsu da ƙafa suke buga wasa. Ita na sa wa ido. Na tara kowa na kawo magana, ma'ajinmu Malam Sada ya girgiza kai.

"Malam, ba mu da ƙarfin wannan mutum," in ji shi. "Gyaɗar duka fa ke nan, ko ta ƙuli-ƙuli ba za ta rage ba."

"In muka ja bijimin nan, takalma nawa zai saya?"

"In ba mu ja ba fa?"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce in ba mu ci ba, ni kaɗai zan nome gonar nan baɗi, daga shuka har cira. (Ni da ban da alli hannuna bai san komai ba.) Yara suka yi tafi, aka sayar da gyaɗa, aka tura wa Katanga kuɗinsa cif.

Saura matsala guda. Dokar gasar ta ce sai ɗan gari zai buga, kuma ba ruwansu da takarda. Dattawan kowane ɓangare ne ke zama a inuwa, a riƙa kawo 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya ana tambayar ɗan gidan wane ne. To ina da yaya da ke aure a Karare, nan cikin ƙasar Batsari. Na zaunar da Katanga na koya masa karatu: sunansa Sani, yayata ce ta haife shi, ni ne kawunsa. ('Ya'yan yayar tawa duka mata ne, amma na ce wa zai bincika?) Ya ce ba komai, ya saba.

A filin Safana aka yi wasan, kuma da wuri aka taru don kowa ya koma gida da sauran rana saboda halin da hanya take ciki. Fili ya cika maƙil, ga bijimin can an ɗaure shi a gindin bishiya. Cikin dattawan Safana akwai wani tsoho daga ƙauyensu na Zakka, Baba Barau, da sandarsa ta kiwo a kan cinya. Muka durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya da amfanin gona, sannan na jawo mutumina.

"Wannan Sani ne, Baba, ɗan yayata ta Karare. A hannuna ya tashi." Da na tsaya nan da da sauƙi. Amma bakina ya riga ya yi zafi, sai na ƙara da cewa, "Ni ma na riƙe ƙafarsa ranar da aka yi masa shayi."

Na lura Katanga ya sunkuyar da kai ƙasa sosai, na ce a raina yaron nan akwai ladabi. Baba Barau ya sa sanda ya ɗago haɓarsa. Ya daɗe yana kallon wani tabo a goshinsa.

"Kai! Wanga ba Mamman na wajen Hajara ba ne? Wanga tabon ai saniyata ta yi mishi shi! Mi ya kawo ka cikin 'yan Batsari?"

Katanga ya zube ƙasa ya ce, "Kawu..."

Ni kuma, don Allah ku ji, sai na amsa da ƙarfi, "Na'am!"

Baba Barau ya juyo ya dube ni daga hula har takalmi.

"To Malam, ni dai ni ne wan uwatai, ciki ɗaya muka fito. Kai kuma ta wane ɗaki muka haɗu? Kuma ranar shayin nan ina wurin, ban gan ka ba."

Dariyar da aka yi har bijimin sai da ya waiwayo. Har ɗalibaina suna wurin, wasu sun riƙe ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina cikin wannan sai tsohon ya ce ai magana ta ƙare, doka ta ce ɗan gari, to ga ɗan gari Allah ya kawo, a ba shi rigar Safana ya shiga raga. Ban san lokacin da na yi ihu ba: "Ba zai yiwu ba, ai mun biya shi!"

"Au, biya kuka yi?" in ji shugaban kwamitin gasa. Wato na tona kaina sau biyu ba wanda ya matsa mini.

Na ja Katanga gefe. Ya ce, "Malam ka yi haƙuri. Ka ce mini wasan ƙarshe, ba ka ce da wa ba. Tun ina ƙarami aka kai ni Katsina, amma a Zakka aka haife ni. Ba ni iya yi wa Kawu musu. Kuɗin kuwa na aika wa inna, har an sayi kwanon rufi."

Aka fara wasa. Wallahi yaranmu sun yi ƙoƙari, da ƙafafunsu ba takalmi suka hana 'yan Safana sakat. Amma duk abin da suka buga, Katanga ya cafke kamar ana miƙa masa. Ta sama ya kama, ta ƙasa ya kama. Muka samu fenariti, ya tashi sama kamar shaho ya doke ta. Sai ga ni na daka tsalle na riƙo rigar Malam Sada ina cewa, "Ka gani ko? Ba na gaya maka ba?" Ya dube ni kawai ya zare hannuna daga rigarsa. Can kusa da tashi Lawal Tela ya runtse idonsa sau ɗaya, aka ci mu ɗaya da nema.

A mota muna komowa na zauna cikin yara. Na dubi ƙafafun yaran nan duk sun faffashe, raina ya ɓaci ƙwarai. Dariyar da aka yi mini ba ta dame ni kamar wannan ba.

Da damina ta sauka na ɗauki fartanya na nufi hanyar Karare. Yara suka biyo ni za su taya ni, na kore su, don ni na yi alkawari. Hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Duk mai babur da ya wuce sai ya rage gudu ya ce, "Sannu da aiki, Kawun Katanga!" Ni kuwa in ɗago in amsa da ƙarfi, don sunan bai fi ƙarfina ba. Gyaɗar ba ta kai ta bara ba, amma ta sayi takalman.

Har yau in muka zauna Malam Sada yakan ce ai ya faɗa, ba mu da ƙarfin sayen mutumin nan. Ni kuma in ce ƙarya ne, muna da shi, ai mun saye shi, kuma ya yi aikin kuɗinsa a gaban kowa. Ragar da ya tsare ce kawai ba tamu ba. Abin da na koya guda ne: in za ka ɗauko gola, kafin ka tambayi kuɗinsa, fara tambayar garin uwarsa.