Rasuwar Uwar Goyo, Tirelar Jirgin Gariba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka kasa zama wuri ɗaya, Gariba masunci na unguwar Tishigu yake sanar da rasuwar Uwar Goyo, tirelar da ta yi shekaru tana goya jirginsa daga Tamale zuwa kogin Yapei.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta shan mai, ba ta neman batir. Kukanta ɗaya ne, "ƙiiƙ, ƙiiƙ", shi ma sai an shiga rami.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga ƙugun Gariba. Wuyanta nauyi gare shi, kullum sai ya yi nishi kafin ya ɗora shi a ƙugiyar mota. Shi kuwa mutum ne mai ƙaiƙayin hannu, bai iya ganin sifana ya wuce. Ya kwance ƙarfen tayoyin, ya matsar da shi gaba. Wuya ya yi sakayau, da hannu ɗaya yake ɗagawa, har yana kiran maƙwabta kallo. Ashe nauyin injin jirgi duk ya koma baya. Da an hau kwalta sai ta kama kaɗa gindi.

Maimakon ya mayar da ƙarfen inda yake, sai ya jibga buhunan doya a gaban jirgin. Ta samu sauƙi, ba shakka. Amma surukarsa Azeta tana Yapei, kuma wane ne zai je garin suruka da doya ya komo da ita? A hanyar dawowa marigayiyar ta kaɗa dama, ta kaɗa hagu, ta ce "garam!" a cikin kwalbati.

Ta bar taya ɗaya da gurguwar fitila. Ta bar jirgi maraya a tsakar gida, ga lokacin kifi yana wucewa, kaji har sun fara ƙwai a ciki. Gariba ba ya ci, ba ya zama, sai zagaya jirgin yake yana shafa shi.

Za a kai gawar rumfar Kamaldeen mai walda ranar Asabar da hantsi. Zaman makoki a Tishigu, gefen jirgin. Mai babbar mota, don Allah ya zo da motar a kai maraya kogi. Iyalan sun roƙi kada kowa ya kawo doya.