Lofen Baba Gwanki da Gaban Jirgi

A wani daji da kogi ya raba da kasuwarsa, jirgin fito ɗaya ne tak, Kada ke tuƙa shi. Al'adar wurin, babba a gaba yake zama, kuma shekara talatin ba wanda ya riga Baba Gwanki wannan wuri. Da ya zauna sai ya cika lofensa da taba ya kunna, iska ta kwashi hayaƙin ta raba wa na baya, kowa da rabonsa. A da har sannu ake yi masa.

Ran nan Barewa, da tsohon cikinta, ta yi ta tari har ta yi amai a kogi. Da aka sauka ta durƙusa gaban dattawa a gindin tsamiya.

Ta ce, "Baba, ba rashin kunya na zo yi ba. Ban taɓa kunna taba ba, amma kullum sai na sha, ni da abin da ke cikina."

Gwanki ya ce, "'Yar nan, uwarki a hayaƙin nan ta yi fito. Me ya same ta?"

"Tari ne ajalinta, Baba."

Dattawa kowa ya tura lofensa bayansa. Dila ya ce a naɗa kwamiti. Aka naɗa, ya zauna sau uku, ba wanda ya ga fuskar wani don hayaƙi.

Kada ne ya gaji. Ya ce, "Ni ban isa in hana manya tabarsu ba. Amma iska daga gaba take zuwa. Mai lofe ya koma baya, kusa da kwandunan daddawa."

Washegari Gwanki ya tsaya bakin ruwa, lofe a baki. Ya dubi baya, daddawa da ƙudaje. Ya dubi gaba, ga Biri, wanda aka haifa a gaban idonsa, yana karkaɗe wurin zai zauna. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cusa lofen a kogon tsamiya, ya ce, "Kai Biri, matsa."

Barewa ta haihu lafiya. Gwanki yanzu goro yake ci, yana hararar duk wanda ya taɓa ashana a jirgi, yana cewa 'yan zamani ba su da ta ido.

Shekara ashirin Mujiya, bokanyar dajin, tana yi masa maganar huhunsa. Ba ta taɓa tunanin yi masa maganar wurin zama ba.